Gani Ya Kori Ji? Tarihin Birnin Edo Daga Bakin Hotuna

Malamanmu na adabin baka sun sha nanata mana cewa waƙa rumbun tarihi ce, amma rumbu ne wanda ba a shigarsa da ido rufe. Makaɗin fada yakan lissafa garuruwan da ubangidansa ya ci da yaƙi, ba ya kuwa ambaton ranar da aka koro shi har ƙofar gari. Wannan darasi ne na ɗauka don in gwada shi a kan wata al'umma mai nisa da mu, wato Japanawa, waɗanda galibinmu ba mu san su da kome ba sai babur da mota da rediyo. Tun da ba na jin harshensu, ƙofar da ta rage mini ita ce ta hotuna, musamman waɗanda ake bugawa da katako, su kuwa suna kiransu ukiyo-e. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, tambayar da zan bi a wannan maƙala ita ce, wanda ya kalli waɗannan hotuna, shin Japan ta wancan zamani ya gani, ko kuwa abin da aka so ya gani?

Sai mu fara da zamanin kansa. A shekarar 1603 wani jarumi mai suna Tokugawa Ieyasu ya karɓi sarautar shogun, wato sarkin yaƙi, bayan ya murƙushe abokan hamayyarsa a filin Sekigahara a 1600. Sarkin ƙasa na gado yana zaune a Kyoto da martabarsa, amma iko ya koma garin Edo, wanda yau ake kira Tokyo. Zuriyar Ieyasu ta riƙe wannan iko har 1867. A shekarun 1630 suka taƙaita hulɗa da waje ƙwarai. An hana Japanawa fita, an kori 'yan Fotugal a 1639, aka bar 'yan kasuwar Holan kaɗai daga cikin Turawa, su ma a 1641 aka killace su a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a bakin garin Nagasaki. 'Yan kasuwar Sin ma a Nagasakin suke sauka.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa a mulkin nan ita ce wadda aka tabbatar a 1635. Sarakunan larduna, waɗanda ake kira daimyo, sun haura ɗari biyu da hamsin, kuma an wajabta wa galibinsu su yi shekara guda a Edo, shekara guda a lardinsu, matansu da magadansu kuwa su zauna a Edo dindindin a matsayin jingina. Mu ma a Kano hakimai a birni suke zaune kafin Turawa su tura su gundumomi, sai dai na Japan tafiya ce ta kai da komo da ayari mai cin dukiya, don kada wani ya tara abin yin tawaye. Sakamakon haka Edo ta cika da barade da barorinsu, masu albashi ba yaƙi, 'yan kasuwa da masu sana'a suka biyo su. Kafin tsakiyar ƙarni na 18 mutanen garin sun kai kimanin miliyan guda. A tsarin daraja na hukuma mayaƙa ne a sama, sai manoma, sai masu sana'a, 'yan kasuwa ne a ƙarshe. Ga kuɗi a hannu, ga ƙofar sarauta a rufe. Sai attajiran suka juya ga gidan wasa da unguwar karuwai da tufafi da littattafan nishaɗi. Wannan rayuwa ce aka laƙaba wa suna ukiyo. Asalin kalmar a addinin Buda tana nufin duniya gidan wahala, amma 'yan birni suka sauya mata harafi ta koma "duniya mai yawo bisa ruwa", wato a ci yau, gobe ta yi ta kanta. Hoton wannan duniya shi ne ukiyo-e.

Dole in tsaya a kan yadda ake yin hoton, domin a nan amsar tambayarmu ta soma. Mutum huɗu ne ke da hannu a ciki. Akwai mai ɗab'i, wanda ke zuba jari ya kuma zaɓi abin da za a zana. Akwai mai zane, wanda ke yin zanen da baƙar tawada a kan siririyar takarda. Daga nan sai masassaƙi ya manna takardar a kife a kan allon itacen sakura, ya bi layin da wuƙa yana rarake gefe, har layin kaɗai ya rage a tsaye. Ka ga ke nan zanen asali yana mutuwa a wajen sassaƙa, ba wanda zai ce ga na hannun mai zane. Kowane launi da nasa allon, kuma a gefen kowane allo akwai 'yar alama inda za a dafa bakin takarda don kada launi ya zarce layi. Na huɗu shi ne mai bugu, wanda ke shafa launi a allo, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Babu inji ko ɗaya. Da farko baƙi kawai ake bugawa, kamar yadda ake gani a ayyukan Hishikawa Moronobu wanda ya rasu a 1694. A 1765 ne Suzuki Harunobu da abokan aikinsa suka fito da bugu mai launuka da yawa. Farashin hoto guda bai wuce na kwano ɗaya ko biyu na taliya ba. Saboda haka wannan haja ce ta kasuwa, ba kayan fada ba. Abin da zai sayu shi ake zanawa.

Me ke sayuwa? Da farko 'yan wasan kabuki. Wata mace mai suna Okuni ce ta fara wannan wasa a Kyoto wajen 1603, amma a 1629 hukuma ta hana mata hawa dandamali, maza suka koma fitowa a matsayin mata. Saboda haka "macen" da mutum zai gani a hoton wasa namiji ne, kuma wanda bai san dokar 1629 ba hoto ba zai gaya masa ba. Wani mai zane da ake kira Sharaku ya ɓullo a 1794, ya yi wata goma kacal yana aiki, ya bar hotuna wajen ɗari da arba'in, sannan ya ɓace. Ya zana 'yan wasan da ƙaton hanci da murguɗaɗɗen baki, bai yi musu kwalliyar da masoyansu ke so ba.

Na biyu kuwa matan Yoshiwara. Wannan unguwa ce da hukuma ta keɓe wa karuwai a 1617, aka mayar da ita bayan gari bayan babbar gobarar 1657. An kewaye ta da gwalalo, ƙofarta ɗaya. Gwanin zana matanta shi ne Kitagawa Utamaro, mai ɗab'insa kuwa Tsutaya Juzaburo, wanda a unguwar aka haife shi a 1750, kuma da sayar da littafin jagorar gidajenta ya fara kasuwanci. Duk wanda ya kalli aikin Utamaro zai koyi abubuwa na gaskiya: yadda ake ɗaure gashi da tsinkunan ado, yadda karuwa ke ɗaura ɗamararta ta gaba alhali sauran mata ta baya suke ɗaurawa, yadda ake rubuta wasiƙa a doguwar takarda, irin madubi da lofe da saƙar tufafi. A nan gani ya kori ji, babu shakka.

Amma ga abin da hoton bai nuna ba. Yawancin matan nan tun suna yara iyayensu matalauta suka miƙa su don kuɗi, aka rubuta musu wa'adi na kimanin shekara goma, ga bashin tufafi da abinci yana hawa kansu kullum. Ba su da ikon fita ƙofar nan ɗaya sai da izini. Tunjere da tarin fuka sun kashe da yawansu da ƙuruciya. Wadda ta mutu ba ta da mai karɓar gawarta akan naɗe ta a tabarma a kai ta wani haikali na kusa mai suna Jokanji, wanda mutanen gari suka riƙa kira haikalin jefarwa. Na duba hotunan Utamaro iyakar waɗanda suka zo hannuna, ban ga tabarmar nan ba. Ba zan kira shi maƙaryaci ba, kamar yadda ba na kiran makaɗin fada maƙaryaci. Amma mutumin da ya biya shi ɗan unguwar ne, kuma hoton talla ne.

Bayan kasuwa akwai hukuma. Tun 1790 aka sa doka cewa kowane hoto sai an duba shi an buga masa hatimin yarda kafin a sayar. An hana zana iyalin shogun, an hana zana al'amuran yau da kullum da suka shafi mulki. A 1791 aka ƙwace rabin dukiyar Tsutaya saboda wasu littattafan barkwanci, marubucinsu Santo Kyoden kuma aka sa masa ankwa kwana hamsin. A 1804 Utamaro kansa ya sha ankwar kwana hamsin don ya zana Toyotomi Hideyoshi, wanda ya yi mulki kafin gidan Tokugawa ya ture zuriyarsa, yana shaƙatawa da matansa. Shekara biyu bayan haka ya rasu.

Hotunan da suka fi shahara a duniya su ne na shekarun 1830. Katsushika Hokusai, wanda aka haifa a 1760, yana da shekara saba'in lokacin da aka fara buga jerin hotunansa na dutsen Fuji. An ce guda 36 za a yi, da suka sami kasuwa aka ƙara goma. A cikinsu ne hoton nan na igiyar ruwa yake, wadda ta miƙe kamar za ta cafke jirage uku da farata, Fuji kuwa ya tsuguna can nesa ɗan mitsitsi. Jiragen na masu jigilar ɗanyen kifi ne zuwa kasuwar Edo, wato talakawa ne a bakin aikinsu. Abin lura shi ne launin. Shuɗin da ya cika hoton ba na Japan ba ne, a birnin Berlin aka gano haɗinsa a farkon ƙarni na 18, ya shigo ta Nagasaki, ya yi araha wajen ƙarshen shekarun 1820. Haka nan dabarar ƙanƙanta abin da ke nesa, daga hotunan da mutanen Holan ke kawowa aka koyo ta. Ashe ƙasar da littattafai ke cewa a rufe take ruf, ga hotonta mafi suna yana shaida cewa akwai taga. Wannan shi ne wurin da na ga hoto ya gyara wa rubutu zance.

Shi dutsen ma ba don kyau kawai aka zana shi ba. Mutanen Edo suna da ƙungiyoyin ziyarar Fuji, suna tara kuɗi su tura wakilai su hau shi don ibada. Mata an hana su kai wa ƙololuwa har 1872, saboda haka aka gina ƙananan tuddai a cikin gari masu kama da shi don wanda ba zai iya zuwa ba.

Sai Utagawa Hiroshige, ɗan gidan ma'aikatan kashe gobara, wanda a 1833 zuwa 1834 ya fitar da hotuna 55 na hanyar Tokaido. Hanya ce mai tsawon kimanin kilomita 500 tsakanin Edo da Kyoto, tana da zango 53. Ɗalibin da ya karanta labarin fatake zai ji kamar ya san hanyar. Hoton farko gadar Nihonbashi ce da asuba, ayarin wani daimyo yana hawowa, masu tallan kifi suna ratsewa gefe. A kogin Oi babu gada, ƙarti ne ke saɓa matafiya a kafaɗa su haye da su. A zangon Goyu kuwa ga matan masauki sun cafke wani matafiyi ta ƙunshin kayansa suna jan sa ciki, shi yana turjewa. Na yi dariya da na tuna 'yan kamasho a tasha. Amma a zangon Kanbara ya zana gari ya nutse cikin dusar ƙanƙara, alhali wurin yana bakin teku ne inda ba safai take sauka ba. Ya ga dai hoton zai fi kyau da ita.

Wannan ƙaramin laifi ne. Babban shi ne cewa shekarar da aka fara sayar da hotunan Tokaido, 1833, ita ce shekarar da babbar yunwa ta fara, wadda ta ɗauki shekaru tana kashe mutane, musamman a arewacin ƙasar. A 1837 wani tsohon jami'in hukuma mai suna Oshio Heihachiro ya sayar da littattafansa ya raba wa mayunwata kuɗin, ya ta da bore a Osaka, wuta ta cinye wani babban sashe na garin. Manoman da ke cikin hotunan Hiroshige kuwa suna nan cikin natsuwa, ruwa na sauka, hayaƙi na tashi daga bukkoki.

To, ina gaskiya take ɓuya idan an hana faɗinta? Mu da muka karanta zambo da habaici mun san amsar. A 1842 wani babban waziri, Mizuno Tadakuni, ya hana buga hotunan 'yan wasa da karuwai ɗungum, aka ƙayyade yawan launi da farashi, aka kori babban ɗan wasa Ichikawa Danjuro na bakwai daga Edo. Wani mai zane, Utagawa Kuniyoshi, ya riƙa zana kyanwoyi da kifaye da kunkuru, amma kowace dabba da fuskar wani ɗan wasa da kowa ya sani. A 1843 ya fitar da hoton wani jarumin dā, Minamoto no Raiko, yana kwance ba lafiya, dogaransa na zaune, wani ƙaton gizo-gizo kuma ya taso da rundunar dodanni a bayansu. A zahiri tatsuniya ce. Amma mutanen gari suka ce mara lafiyan nan shogun ne, ɗaya daga cikin dogaran waziri ne, dodannin kuwa su ne masu sana'o'in da dokokinsa suka kashe wa kasuwa. Hoton ya yi ta sayuwa har mai ɗab'in ya tsorata ya janye shi. Ko a can ma, ashe, Gizo ake aikawa ya faɗa wa sarki abin da ba ya faɗuwa.

A ganina hotunan da suka fi kowanne amfani ga mai neman tarihin talaka su ne waɗanda ba a sa musu hannu ba. A watan Nuwamba na 1855 girgizar ƙasa ta rushe Edo, dubban mutane suka mutu. A camfin mutanen, wata ƙatuwar tarwaɗa ce a ƙarƙashin ƙasa, idan ta motsa ƙasa ta girgiza. Cikin 'yan kwanaki kasuwa ta cika da hotunan tarwaɗa iri-iri har ɗaruruwa, ba sunan mai zane, ba hatimin hukuma. A wasu mutane sun taru suna dukan tarwaɗar. A wasu kuwa kafintoci da magina suna yi mata godiya suna ba ta giya, don aiki ya samu, lada ya tashi. A wasu ta matse attajirai suna aman tsabar zinariya, talakawa na tsincewa. Bayan kamar wata biyu hukuma ta hana su. Zanensu bai kai na Hiroshige kyau ba ko kusa, amma a nan ne na ji muryar mai ɗaukar kaya.

Kafin wannan girgiza da shekara biyu, a 1853, jiragen yaƙin Amurka huɗu ƙarƙashin Matthew Perry sun tsaya a bakin mashigin Edo suna neman a buɗe musu tashoshi. Aka sa hannu a yarjejeniya a 1854, aka buɗe Yokohama a 1859, mulkin shogun ya faɗi, a 1868 aka mayar da iko hannun Sarki Meiji, Edo ta zama Tokyo. Masu zane suka koma zana Turawa da jirgin ƙasan farko na 1872, daga baya kuma yaƙin Japan da Sin na 1894 zuwa 1895, wanda galibinsu suka zana daga ɗakunansu a Tokyo ba tare da sun ga fagen fama ba. Kyamara da injin ɗab'i suka ƙarasa kashe sana'ar.

A daidai lokacin da 'yan gida suka raina hotunan, Turawa suka rungume su. An baje kayan Japan a bikin nunin Faris na 1867. Van Gogh ya kwafi hotunan Hiroshige biyu da fenti a 1887, Monet ya tara sama da ɗari biyu a gidansa. Dillalai suka kwashe dubun-dubata zuwa Faransa da Amurka, shi ya sa yau wasu daga cikin manyan taskokinsu suna Boston da Landan. Abin da Turawan suka zaɓa kuwa shi ne dutse da fure da kyakkyawar mace, kuma wannan zaɓi shi ya zama "Japan" a idon duniya, har ya iso gare mu. A 2023 an sayar da kwafi ɗaya na igiyar Hokusai a New York a kan dala miliyan 2.76, a 2024 kuma gwamnatin Japan ta sa hoton a bayan sabuwar takardar kuɗi ta yen 1000.

Labarin matan Yoshiwara sai da ya jira silima. Mizoguchi Kenji, wanda talauci ya sa aka miƙa yayarsa gidan geisha yana yaro, ya yi fim a kan Utamaro a 1946. Bayan shekara goma ya yi fim ɗinsa na ƙarshe, Akasen Chitai, a kan mata biyar a wani gida na unguwar, a lokacin da majalisa ke muhawarar dokar hana karuwanci, ana jin labarin ta rediyo a cikin fim ɗin. Ɗaya tana ciyar da miji mara lafiya da jariri, ɗaya ɗan da ta yi wa wahala ya girma ya ce ba ya son ganinta. Fim ɗin ya fito a watan Maris na 1956, aka zartar da dokar a watan Mayu, Mizoguchi ya rasu a watan Agusta. A 1958 dokar ta fara aiki sosai, aka rufe Yoshiwara a matsayin unguwa mai lasisi bayan shekara 341. Haikalin Jokanji yana nan har yau a unguwar Minowa, da wata hasumiyar dutse da aka gina a kan ƙasusuwan matan.